Ƙyauren Shingen Waya: Yadda A Ke Zaɓen Hinjis Da Ɗaura Shi

Kowane manomi ya sani, da an gama kaka an kawar da amfanin gona sai a saki dabbobi su yi ta yawo. Daidai lokacin nan ne kuwa mai lambu ya ke dasa tumatir da albasa da latas, su kaɗai ne ɗanyen ganye a duk karkarar. Saboda haka mutane da yawa sun bar shingen ƙaya da na kara, sun koma ga shingen waya mai saƙar raga, wanda ba sai an sake shi kowace shekara ba. Wannan dabara ce mai kyau. Ita saƙar waya da inji ba sabon abu ba ne, tun cikin 1844 wani Bature mai suna Charles Barnard ya ƙera injinta a garin Norwich na Ingila, ya kwaikwayi aikin masaƙar tufafi.

Amma akwai kuskure guda da a kan yi. Mutum ya kashe kuɗi mai yawa wajen waya, in ya zo kan ƙyaure sai ya ɗaure shi da igiya, ko kuwa ya sayo hinjis wanda ya fi araha ba tare da ya yi awo ba. Kafin wata biyu ƙyauren ya sunkuya, yana jan ƙasa, ba ya rufuwa sai an ɗaga. Yaron da a ka aika ban ruwa ya gaji da ɗagawa, ya bar shi a sake. To, dare ɗaya ya ishi awaki su cinye aikin wata uku, gari ya waye ana rigima da maƙwabci a gaban mai unguwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A shingen waya kuwa ƙofa ita ce tsagar, ƙarfin ƙofa kuma yana ga hinjis da ginshiƙin da ke ɗauke da shi. Abin da za mu duba ke nan a wannan mako.

Aikin da hinjis ke yi

Hinjis shi ne ƙarfen da ƙyaure ke juyawa a kansa. Kowane ƙyaure yana da biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, aikinsu kuwa ba ɗaya ba ne. Da ya ke ƙyaure a rataye ya ke ta gefe guda, nauyinsa kullum ƙoƙari ya ke ya karkata bakinsa ƙasa. Watau yana fizgar hinjis na sama yana so ya raba shi da ginshiƙi, yana kuma tura na ƙasa yana danna shi jikin ginshiƙi.

Ga misali. A ce ƙyaure mai nauyin kilo 20, faɗinsa ƙafa 4, tsakanin hinjis na sama da na ƙasa kuma ƙafa 4. Fizgar da na sama ke sha daidai ta ke da kilo 10. In a ka matso da su kusa, tsakaninsu ya zama ƙafa 2, fizgar ta koma kilo 20, ga shi kuwa ba a ƙara wa ƙyauren kome ba. In yaro mai kilo 20 ya hau bakin ƙyauren nan yana lilo, ya ƙara wa hinjis na sama kilo 20 in tazarar ƙafa 4 ce, kilo 40 in ƙafa 2 ce. Babban ƙyaure kuwa na shigar amalanke, mai faɗin ƙafa 10 da nauyin kilo 50, fizgarsa ta wuce kilo 60 ko da tazarar ƙafa 4 ce.

Abu uku za mu koya daga lissafin nan. Na fari, a nisanta hinjis biyu da juna iyakar yadda ƙyauren ya ba da hali. Na biyu, faɗin ƙyaure yana wahalar da hinjis kamar yadda nauyinsa ke yi, saboda haka in ƙofa ta yi faɗi ƙwarai gwamma a raba ta ƙyaure biyu. Na uku, a hana yara lilo a kai.

Irin hinjis da a ke samu

Iri na fari shi ne mai ɗamara, wanda a ka yi musamman domin shingen waya. Kashi biyu ne, namiji da tamace. Namijin yana rungume ginshiƙi kamar ɗamara, a matse shi da ƙusa mai noti, yana kuma da wani ɗan ƙarfe a tsaye kamar yatsa. Tamacen tana rungume bututun firam ɗin ƙyaure, tana da rami inda yatsan ke shiga. A ƙananan ƙofofi kaurin yatsan ya kan zama 5/8 na inci. Amfanin wannan iri shi ne ba ya bukatar walda ko huji. Da sufana kaɗai mutum zai ɗaura shi, in kuma ƙyaure ya karkata a kwance noti a gyara.

Iri na biyu shi ne mai doguwar ƙusa, wanda a ke huda ginshiƙi a zura ta, noti ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, bakinta kuma a lanƙwashe ya zama yatsa. Wannan ya dace da babban ƙyaure, gama in bakinsa ya sauka sai a ƙara ɗaure notin na sama, ya tashi. Shi ne kuma ya dace da ginshiƙin itace. Amma a tuna gara ba ta barin itace, sai an shafe gindinsa da maganinta.

Iri na uku shi ne na walda, wanda masu walda na garuruwanmu su ka fi sabawa da shi. Yana da ƙarfi, yana da sauƙin kuɗi, amma in an manna shi a karkace to, ya zauna ke nan, sai an yanke. Har wa yau wutar walda tana ƙone tutiya, watau farin ruwan nan da a ke yi wa bututu da kwanon rufi don hana tsatsa. Duk inda a ka yi walda sai a kankare a shafa fentin hana tsatsa, in ba haka ba nan ne ƙarfen zai fara ci. Hayaƙin tutiya kuma yana sa zazzaɓi da ciwon jiki, don haka a yi waldar a fili inda iska ke kaɗawa.

Kowane iri za ka saya, duba kaurin ƙarfensa. Wanda ka iya lanƙwasawa da hannu ba zai riƙe ƙyaure ba. Nemi mai ruwan tutiya, har ƙusoshinsa da notinsa. Araha ba ta ado.

A yi awo kafin a je kasuwa

Nan ne yawancin mutane ke faɗuwa. Hinjis mai ɗamara ba ya zama daidai sai an yi shi domin kaurin wannan bututu. In ya yi wa ginshiƙi yawa, kome matsa noti zai riƙa zamewa yana juyawa. In ya yi kaɗan ba zai rungume shi ba. Wasu kan cusa tsumma ko guntun roba su cike, wannan kuwa gyaran kwana biyu ne.

Abin da ke rikita mutane shi ne sunan bututu dabam, kaurinsa na waje dabam. Bututun ruwa da a ke kira inci 2 a kasuwa, in ka auna shi ta waje inci 2 da 3/8 ne, watau wajen milimita 60. Wanda a ke kira inci 1 da rabi, ta waje kusan inci 1 da 7/8 ne, milimita 48. Na inci 1 da kwata, ta waje kusan inci 1 da 5/8, milimita 42. Na inci 1 kuwa, milimita 33, shi masu kayan shinge ke kira inci 1 da 3/8. Kayan shinge da a ka yi bisa awon Amurka da kaurin waje a ke ambatonsu. Saboda haka kada ka dogara ga suna, dogara ga awo.

Ga hanya mai sauƙi. Samo zare, ka kewaya ginshiƙin da shi sau ɗaya, ka yanke daidai inda ya haɗu. Shimfiɗa shi a kan tef. In ya ba ka kusan inci 7 da rabi, ginshiƙinka mai inci 2 da 3/8 ne. In inci 6 ne, mai inci 1 da 7/8 ne. In inci 9 ne, mai inci 2 da 7/8 ne. Yi haka kuma ga bututun firam ɗin ƙyaure, gama kaurinsu ba ɗaya ba ne: namiji awon ginshiƙi ya ke bi, tamace awon firam. Abin da ya fi duka ma, in an rage guntun bututu wajen yanka, sa shi a aljihu ka tafi da shi kasuwa ka gwada da idonka. Ka kuma zura yatsan namijin cikin ramin tamacen tun a gaban mai kanti. Ya kamata ya shiga ya juya ba tare da sartse ba, ba kuma tare da yawan girgiza ba.

Sai awon ƙofar kanta. Ana auna ta ne daga cikin ginshiƙi ɗaya zuwa cikin ɗayan. Lalle ƙyaure ya gaza wannan awo, domin hinjis da sakata su sami wurin zama. Ga hinjis mai ɗamara a kan bar kusan inci 4 in ƙyaure ɗaya ne, kusan inci 6 in biyu ne. Mutum da yawa ya kai wa mai walda awon ƙofa, a ka yi ƙyaure daidai da shi, a ka kawo ya ƙi shiga. Gwamma ka sayi hinjis tukuna, ka nuna wa mai walda, sa'an nan ya yanka ƙarfe. Ka tuna kuma da abin da zai riƙa shiga: baro yana son ƙofa mai ƙafa 3 zuwa 4, amalanken shanu ko mota kuwa ƙafa 10 zuwa 12.

Ginshiƙi kafin ƙyaure

Kome kyan hinjis, in ginshiƙi ya sunkuya aikin banza ne. Ginshiƙin ƙofa ya kamata ya fi sauran na shinge kauri. Ƙaramar ƙofa ta mutum tana son mai inci 2 da 3/8. Ƙyaure mai faɗin ƙafa 5 ko 6 yana son mai inci 2 da 7/8, wanda ya fi haka kuwa a nemi mai inci 4. Bututu mai siririn jiki ba ya yi, gama ɗamarar kanta za ta matse shi ya lotsa.

A haƙa rami mai zurfin ƙafa 2 da rabi zuwa 3, faɗinsa kamar ƙafa ɗaya. In ƙasar rairayi ce, ko kuwa baƙar ƙasar fadama mai tsagewa da rani ta kumbura da damina, a ƙara zurfi da faɗi. A kwaɓa kankare: siminti mudu ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, kada ruwa ya yi yawa. A tsai da ginshiƙin, a zuba, a riƙa zungura da sanda don ya zauna. Domin a tabbata ya tsaya sak, ɗaura ɗan dutse a bakin zare ka sake shi kusa da jikinsa, ka duba ta gaba, ka koma ka duba ta gefe. A tudanta saman kankaren kaɗan don kada ruwa ya kwanta a gindin ƙarfe, a kuma toshe bakin bututun ta sama don kada ruwan sama ya shiga ya ci shi ta ciki.

Sa'an nan a yi haƙuri. Siminti ba bushewa ya ke so ba, jiƙa ya ke so. A riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma, a rufe shi da buhu, musamman lokacin hunturu da iska ke shanye ruwa da sauri. Cikin kwana 7 ya kan sami wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, cikarsa sai kwana 28. Kada a rataya ƙyaure kafin mako guda. A kuma fara ja wayar shinge a ɗaure ta tukuna, domin jan waya ya kan ɗan karkata ginshiƙi. In an rataya ƙyaure kafin nan, sai a ga sakata ta daina kaiwa.

Yadda a ke ɗaurawa

Aikin mutum biyu ne. A tanadi sufana biyu, da tef, da alli, da guntun katako ko bulo mai kaurin inci 2.

Da fari a shawarta inda ƙyauren zai buɗe. In ƙasar gangare ce, ya buɗe wajen da ya fi ƙasa, in ba haka ba zai ci tudu. In lambu ne, dabbobi suna waje, ya fi kyau ya buɗe waje, a manna ɗan ƙarfe a ginshiƙin sakata wanda zai tokare shi, yadda in akuya ta tura ƙara rufe shi za ta yi. In garke ne, dabbobi suna ciki, sai ya buɗe ciki.

Na biyu, a ɗaura namiji na ƙasa a jikin ginshiƙi, kamar inci 8 daga ƙasa, yatsansa yana duban sama. A matse shi daidai yadda ba zai zame ba.

Na uku, a sa tamace biyu a jikin firam, a bar su sake-sake. A ɗora ƙyauren bisa katakon nan a tsakiyar ƙofa. Katakon shi ke ba da tazarar inci 2 tsakanin ƙyaure da ƙasa. In ta fi haka 'yan awaki da kaji za su kutsa, in ta gaza ƙyauren zai ja ƙasa. Wurin kiwon kaji a rage tazarar, a daɓe bakin ƙofar da siminti.

Na huɗu, a sauko da tamace ta ƙasa ta zauna bisa yatsa, a matse ta. Ita ce ke ɗauke da nauyin ƙyauren.

Na biyar, kuma a nan a ke so a lura ƙwarai: namiji na sama, yatsansa ƙasa zai duba. A matse tamace ta sama a jikin firam kamar inci 8 daga samansa, sa'an nan a sauko da namijin daga bisa har yatsan ya shige ramin, a matse. Dalili kuwa, in yatsu biyu duk sama su ke duba, kowa ya iya ɗaga ƙyauren ya zare shi ba tare da ya taɓa kwado ba. Ba ɓarawo kaɗai ba, sa ma in ya sa ƙaho ya ɗaga sai ya tuge shi. Amma in ɗaya na duban sama ɗaya na duban ƙasa, ƙyauren ya kulle tsakaninsu.

Na shida, a tabbata yatsu biyu suna bisa layi ɗaya, na sama daidai kan na ƙasa. A gwada da zare da dutse. In sun saɓa, ƙyauren zai riƙa buɗe kansa, ko ya yi ta ƙara yana cin ƙarfe.

Na bakwai, a zare katakon, a buɗe a rufe sau da yawa. In bakin ƙyauren ya sauka, a ɗan juya namiji na sama baya, ko a ƙara ɗaure doguwar ƙusa in irin wannan ce. In kome ya yi daidai, a bi noti duka a matse sosai, amma kada har bututu ya lotsa. A sa noti ta cikin lambu, kan ƙusa mai santsi ta waje. Wanda ke tsoron a kwance, ya buga bakin ƙusar da guduma ya baje, ko mai walda ya ɗiga mata wuta kaɗan. Sakata ita ce ta ƙarshe, a sa ta daidai inda hannu ke kaiwa.

In ƙyaure ya riga ya sunkuya

Kada a yi saurin zargin hinjis. A duba abu uku bi da bi. A fara da ginshiƙi, a gwada shi da zare. In ya karkata, gyaran na gindi ne, a haƙa a miƙe shi a ƙara kankare. In yana tsaye sak, a duba ɗamara, sau da yawa za a ga alamar inda ta zame a jikin ƙarfen. A ɗaga ƙyauren bisa katako a mai da ita wurinta a matse. In su biyu lafiya su ke, to, firam ɗin ne ya goce. A auna shi daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu, in awon ya bambanta ya goce ke nan.

Maganin wannan shi ne a gicciya masa abin tallafi, amma a san ta inda za a gicciya. In waya ce ko siririn rodi, wanda ja ya ke yi, a ɗaure shi daga kusurwar sama ta wajen hinjis zuwa kusurwar ƙasa ta wajen sakata, a murɗa har bakin ya tashi. In kuwa bututu ne ko katako, wanda tokara ya ke yi, sai daga kusurwar ƙasa ta wajen hinjis zuwa kusurwar sama ta wajen sakata. In a ka ɗaura waya ta hanyar tokara ba ta tsinana kome. Babban ƙyaure kuma a ajiye masa dutse ko bulo inda bakinsa zai huta, in yana rufe da in yana buɗe, don a sauƙaƙa wa ginshiƙi.

Kiwonsa ba wuya. Bayan mako biyu da ɗaurawa a sake bin noti da sufana, gama sabon ƙarfe ya kan saki. Daga nan sau biyu a shekara ya isa, farkon damina da bayan hunturu. A goge ƙurar da ta taru a yatsa tukuna kafin a shafa giris, domin giris da ya gauraya da ƙura cin ƙarfe ya ke yi. Inda tsatsa ta ɓullo a kankare a shafa fenti tun ba ta yi nisa ba.

To, manoma, kuɗin hinjis biyu da ƙusoshinsu ba su kai kome ba in an gwada da kuɗin waya, balle da amfanin lambun da ke ciki. Kafin a saki dabbobi, kowa ya je ya kama bakin ƙyaurensa ya ɗaga. In ya ji ya tashi a hannunsa, ko ya ga ginshiƙi na motsi, ya san aikin da ke gabansa a wannan mako. Wanda kuwa bai sayi nasa ba tukuna, kada ya fita kasuwa sai da zaren awonsa biyu a aljihu, ɗaya na ginshiƙi, ɗaya na firam.